Sunan Ɗan Fari a Takardar Shef Kimba

Shekara ashirin na yi sanye da kakin gardi, wato dogarin gwamnati, tun zamanin Nasara har bayan an ba mu ƙasarmu, kuma mafi yawansu a Dakoro na yi su. Na raka ɓarayin raƙuma a ƙasa har Maraɗi, na raba faɗan manoma da makiyaya a bakin rijiya, na sha zagi na sha jifa. Duk wannan bai taɓa sa na ji kamar in cire hular in wurga a rijiya ba, sai ranar da wata tsohuwa mai suna Kyauta ta zo biro, wato ofishinmu. Sunana Ɗangoggo, kuma har yau in na tuna ranar sai raina ya ɓaci.

A shekara ta huɗu bayan samun 'yanci aka turo mana sabon shef, wato shugaba, a ɗan ƙaramin biron da nake aiki, can bakin kasuwa. Jandarma ne, sunansa Kimba, yaro ɗanye shar, ya fito daga makarantar horo da takalmi mai ƙyalli da akwati cike da takardu. Don Allah ba zan ci haƙƙinsa ba. Ranar da ya zo ya cire bulalar da ke rataye a bango ya ce an gama wannan. Wani mahauci ya kawo masa cinyar rago, ya sa ni na mayar masa da abinsa har rumfa. Wanda aka tsare yakan ci tuwo sau biyu a rana, abin da ban taɓa gani ba. Amma mutumin nan ya yi imani da takarda fiye da yadda ya yi imani da idonsa. In ka ce masa ga kura a ƙofar biro, sai ya tambaye ka wa ya shaida.

A lokacin gari ya cika da raɗe-raɗin cewa akwai masu shigowa ƙasa daga kudu da mugun nufi. Aka ce duk namijin da ya fito ta wannan hanya ba shi da katin shaida a tsare shi. Mu kuwa mutanenmu wa ke da kati? Makiyayi ya san ramin da ke kunnen kowace tunkiyarsa, amma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Don haka aka fito da wata sabuwar takarda ta sakin mutum. In wanda aka tsare ya faɗi sunansa da garinsu, sai a kira shaida. Shaidar kuma mutum huɗu ne kawai aka yarda da su: uba, ko uwa, ko mata, ko mai garinsu. Zai tsaya gaban wanda aka tsare, ya faɗi sunansa da bakinsa ba tare da an gaya masa ba, ya faɗi abin da ya haɗa su, ya dangwala yatsa. In sunan ya dace da wanda ke rubuce, a sake shi. In babu shaida, a sa shi a kamiyo, babbar motar da ke tafiya Maraɗi, can a yi bincike. Wanda ya tafi binciken nan kuwa ba mai iya ce maka ga ranar dawowarsa.

Jajiberin kasuwa muka tsare mutum bakwai. Shida daga cikinsu kafin hantsin washegari iyayensu maza sun zo sun fitar da su. Saura ɗaya, Sha'ibu, mutumin wani ƙauye wajen Rumbu. Magidanci ne mai shekara kamar ashirin da shida, ya kai raguna kudu ya sayar yana dawowa. Na san shi, na san ubansa marigayi, da hannuna na taɓa ɗaure ubansa saboda haraji, daga baya muka zama abokai.

Na ce, “Shef, wanga yaro na san shi tun shina rarrahe. Sake shi ya tahi.”

Kimba bai ko ɗago kai daga mashin ɗinsa na buga takarda ba. “Baba Ɗangoggo, ma'aikaci ba ya shaida. Ga shi nan a rubuce.”

“To ubansa ya rasu.”

“Mai gari.”

“Mai garinsu ya tahi gaisuwar mutuwa Kornaka, sai jibi.”

“Yana da uwa? Yana da mata? To shi ke nan, ga shaida har biyu. Mene ne abin damuwa?”

Tun jiya da na aika wani mai raƙumi ya kai labari ƙauyen nake fatan wani abu dabam ya faru, domin na san Sha'ibu ɗan fari ne. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ke tsakanin uwa da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama inuwa ɗaya da shi, ba ta nuna a gaban mutane cewa nata ne. Tun da aka yaye Sha'ibu kakarsa ta ɗauke shi, ita ta rene shi har ta mutu. Wannan kunya ce, kuma a wurin matanmu ita ce mutunci. Mace kuma ba ta faɗin sunan mijinta. Cikin mutum huɗun da takarda ta yarda da su, ɗaya yana kabari, ɗaya yana Kornaka, sauran biyun kuwa su ne kaɗai mutanen da ba za su iya furta sunan nan ba a duk faɗin ƙasar Dakoro.

Rana ta ɗaga sosai suka iso, su biyu da jaki ɗaya. Kyauta, uwar, doguwar tsohuwa ce busasshiya, da zane baƙi a kanta. Ladidi, matar, tana goye da jaririya. Tun asuba suke hanya. Na ba su ruwa, na shigar da su. Aka fito da Sha'ibu daga kaso aka tsayar da shi jikin bango. Yana ganin uwarsa ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ta juya ta ba shi baya, ta tsuguna tana kallon ƙofa.

Kimba ya zura sabuwar takarda a mashin, ya yi mata sannu da hanya cikin ladabi.

“Inna, kin san wannan mutum?”

Ta ce, “Mutanen garinmu na.”

“Mene ne sunansa?”

Ta ci gaba da kallon ƙofa.

“Inna, me ya haɗa ki da shi?”

“Ɗan tsohuwar gidanmu na, wadda ta rasu.”

Kimba ya dube ni. “Ba ka ce uwarsa ce ba?”

“Uwarsa ce, Shef. Ɗan fari ne.”

Na ɗauka daga nan magana ta ƙare. Na ɗauka zai dafe goshi ya ce ya manta. Sai ya jingina da kujera ya ce, “Na sani. Ni ma ɗan fari ne. Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba.”

“To alhamdu lillahi! Ashe ka san komi.”

“Na sani, amma takardar ba ta da gurbin wannan. Dubi nan. Sunan da shaida ya faɗa da bakinsa. Me zan rubuta?”

“Rubuta Sha'...”

“Kada ka faɗa!” Ya buga tabur. “In ka faɗa a gabanta shaidar ta lalace.”

Kun ji fa. Matar da ta yi naƙudarsa, wadda aka raɗa sunan tana kwance a ɗaki, ita ake ɓoye wa sunan kada ta sata. Na haɗiye abin da ya taso mini, domin kakin da ke jikina ba na gado ba ne.

Na ce to bari mu bi ta wata hanya. Ni zan jero sunaye, in na zo kan nasa ta gyaɗa kai. Kimba ya ce wannan tambaya ce mai jan shaida, an hana su ita a makaranta. Na ce to a kawo maza biyar daga kasuwa a jera su da shi, ta nuna nata. Ya ce nuni ba suna ba ne, kuma ni kaina na san ko an jera su ba za ta nuna ba. Na ce ta raɗa wa Ladidi a kunne. Ladidi ta ja mayafi ta rufe fuska tun ban rufe baki ba. Na ce to a fitar da shi waje, a rufe ƙofa, ta faɗa mu biyu kawai mu ji. Kyauta ta ɗan motsa, na ga alamar wannan za ta iya. Kimba ya sa yatsa a kan wani layi ya karanta mini da Faransanci, sannan ya fassara: a gaban wanda aka tsare.

“Wa ya rubuta wagga takarda, Shef? A ina anka haihe shi?”

“Ban sani ba. Daga sama ta zo.”

“To ko aljani na, ai shina da uwa.”

Bai yi dariya ba. Ya juya wurin Ladidi.

“Ke matarsa ce?”

Ta gyaɗa kai daga cikin mayafi.

“Da baki.”

“I.”

Mashin ya yi ƙara, ƙwas ƙwas. Na ji sanyi a raina, rabin aiki ya yi.

“Sunan mijinki?”

“Mai gidanmu.”

“Sunansa.”

“Baban wagga.” Ta taɓa goyonta.

“Sunan da aka raɗa masa nake tambaya.”

Ta dubi surukarta da ke tsugune. Yarinyar da ba ta fi shekara biyu a gidan ba, a ce ta kama sunan miji gatsau a gaban uwarsa? Ta fashe da kuka, jaririyar ta taya ta. Kyauta ba ta waiwayo ba, ta ce, “Hita waje da ɗiyar nan.” Ladidi ta fita da gudu kamar an sake ta daga turke.

Sai kuma na juya fushina kan tsohuwar, domin ba Kimba kaɗai ya ishe ni ba. Na tsuguna kusa da ita na rage murya.

“Kyauta, ke da ni ba yara ba ne. Kin ga kamiyon can gindin itacen bedi? In an sallame azahar zai tashi. In ya shiga, ba ni da ikon hiddo shi. Damina ta kusa, wa za ya yi maku shuka? Kalma guda ce. Hwaɗi ki huta, mu ma mu huta.”

Ta ce, “Ɗangoggo, kai ma?”

“Ni ma mi?”

“Kai da ka san gidanmu. Shekara ashirin da shida ban yi abin da za a nuna ni da baki ba. Yau a gaban baƙo, a gabanai, kake son in tuɓe?”

“Ba wanda za ya ji.”

“Shi za ya ji.”

Na tashi na koma wurin Kimba, na yi abin da ban taɓa yi wa yaro sa'an ɗana ba, na roƙe shi. Na ce ya buga sunan kawai, ta dangwala yatsa, wa zai sani? Ni ba zan faɗa ba, ita ba za ta faɗa ba, bango ba ya magana.

Ya ɗora yatsu a kan mashin, har na sa rai. Sannan ya ce, a hankali, “Baba, ka san yadda ake yi da. Wanda gardi ya sani ya fita, wanda bai sani ba ya sha bulala. Wanda ke da rago ya fita, wanda ba shi da shi ya kwana. An yi takardar nan don a daina wannan. In na rubuta ƙarya yau don kai ka san shi, gobe zan rubuta don wani ya kawo rago. Kuma wani abokina a wani gari ya saki mutum a kan gyaɗa kai, yanzu shi ne a tsare.”

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ƙarya yake yi ba. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi, na yi aiki da mugaye da yawa. Amma mutum mai gaskiya da ya kafe a kan layi ɗaya, wannan ban san maganinsa ba.

Duk wannan abin Sha'ibu yana tsaye jikin bango, kansa a sunkuye. Sai da ladan ya kira salla ya ɗago.

“Baba Ɗangoggo, ku ƙyale ta. Ni tahi Maraɗin.”

“Rufe mana baki! Ka san Maraɗin da kake hwaɗi? Kana tsammani kasuwa za a kai ka?”

“Ku dai ƙyale ta.”

Muka yi salla a ƙofar biro, ni da Kimba da shi, sahu ɗaya. Ban san abin da na karanta ba. Muna sallamewa direban kamiyo ya tayar da mota, ya aiko a ce masa mutum nawa ne. Kimba ya zare takardar daga mashin, ya duba ta, ya ajiye. Ya jawo wata, ta rakiyar fursuna, ya ce in kawo ankwa. Na ɗauko ta daga ƙusa ina jan ƙafa. Ƙarfen ya yi ƙara da na buɗe shi.

Ƙarar nan ce ta tashe ta. Kyauta ta miƙe, ta gyara zanen kanta, ta zo gaban tabur. Ba ta dubi Kimba ba, ba ta dubi ɗanta ba, ta sa ido a kan bango.

“Mai da takardarka,” ta ce.

Kimba ya yi sauri ya mayar da ta farkon.

“Inna, me ya haɗa ki da wannan mutum?”

“Ni na haihe shi.”

Sha'ibu ya juya fuska ya manna goshi a bango.

“Sunansa?”

Ta buɗe baki, ta faɗa. Daidai lokacin direban nan, Allah ya shirye shi, ya danna odar mota ya riƙe, don ya gaji da jira. Ni ina kusa da ita, na ji. Sha'ibu ya ji, domin na ga kafaɗarsa ta girgiza. Kimba yana bayan tabur, yatsunsa a kan mashin, ya dube ta ya dube ni.

Na ce, “Ta hwaɗi, Shef. Wallahi ta hwaɗi. Buga.”

“Ban ji ba.”

“Na ji! Da kunnena!”

“Ni ne zan sa hannu cewa na ji.” Muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai. “Inna, ki yi haƙuri. Ki sake.”

Wallahi da ankwar nan da ke hannuna na so in kwaɗa masa. Na leƙa ta taga na zazzaga wa direba zagin da ya sa masu sayar da gishiri suka bar rumfunansu suka matso. Kuskurena ke nan, domin kafin in juyo ƙofar biro da taga sun cika da kawuna, har da matan ƙauyensu biyu da suka zo cin kasuwa. Direban ya saki odar. Kyauta ta ga mutanen, ta san su, su ma sun san ta.

Ta ce, “Sha'ibu.”

Da ƙarfi ta faɗa, yadda ba mai cewa ta sake. Wata daga cikin matan ta ce “La ila!” ta kama haɓa. Mashin ya yi ƙwas ƙwas sau bakwai ko takwas. Kimba ya miƙo tawada, na kama babban yatsanta na dangwala. Hannun sanyi ƙalau, da rana tsaka a bazara. Ta goge yatsan a gefen zane, ta ratsa mutanen ta fita, suna buɗa mata hanya ba mai ce mata sannu. Ba ta tsaya wurin jakin ba, ba ta kira Ladidi ba, ta kama hanyar Rumbu a ƙasa.

Kimba ya buga hatimi, ya sa hannu, ya sauke numfashi. Ya tashi ya miƙa wa Sha'ibu sandarsa da jakarsa da muka karɓe jiya.

“Ka ga? An gama lafiya. Ba duka, ba cin hanci. Je ka, kuma ka zo ka yi kati.”

Sha'ibu ya karɓi kayansa bai dube shi ba. Na raka shi har waje, ina ta surutu don in cike shirun, ina cewa ya gode wa Allah, ya yi sauri ya cim mata da jakin kada rana ta illata ta. Ya tsaya yana kallon hanyar. Tsohuwar ta yi nisa, tana tafiya a miƙe, ba ta waiwaye.

Ya ce, “Baba, da wane ido zan cim mata?”

Na ce, “Kai dai ka kuɓuta, shi ne babba.”

Sai a lokacin ya dube ni, idonsa jajur. Na ɗauka godiya zai yi, har na fara ɗaga hannu in ce ba komai.

“Na ce ku ƙyale ta,” ya ce. “Da kun bar ni na tahi Maraɗi.”

Ya kwance jakin, ya ɗora Ladidi da jaririyar, ya ja su suka bi bayanta a hankali, yana rage tafiya don kada su kamo ta.